Anti Tafinta da Ɗakin Ƙarshen Baranda

Kafin kowa ya motsa a gidan, Anti Tafinta ta riga ta ɗora ruwa. Ba na shayi ba ne, shayi sai daga baya. Ruwan farko na hannuwanta ne. Takan juye shi a ƙaramin kwano, ta surka har ya yi ɗumi daidai, ta tsoma yatsunta ta zauna tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya har su saki. In maigidanta ya fito ya same ta a haka, yakan tsaya a bakin kicin ya ce, "Ana wasa wuƙa ke nan?"

Ita kuma ta ce, "Wuƙar ta tsufa, Malam. Lallaɓa ta ake yi."

Daga nan sai shiri. Zobe da awarwaro ta zare su ta ajiye a kan madubi, don ƙyalli yana ɗauke idon mai kallo. Tufafin aikinta duk masu duhu ne, ba zane ba ado, saboda hannu ya fito sarai. 'Yarta ta sha yi mata tsiya cewa in an buɗe durowarta sai a zaci na ma'aikacin banki ne. Haka take fita kullum ta nufi jami'a, ta shiga sashen kwamfuta, ta tsaya a gefen allo kusa da malamin da ke lacca. Abin da ya fito daga bakinsa, hannuwanta su kai shi ga ɗaliban da ba sa ji. Abin da suka tambaya da hannu, ita ta ba shi murya. Fiye da shekara ashirin tana wannan tsayuwa, kuma ƙarshen wannan zangon za ta ajiye aiki. Da yawa a jami'ar sun san fuskarta amma ba su taɓa tambayar ko wace ce ba. Shi ya sa ya kamata a faɗa tun tana raye tana ji.

Ba a makaranta ta fara koyon maganar hannu ba, a tsakar gidansu ta koya. Yayanta, wanda take bi, kurma ne tun haihuwa. Tun ba ta kai tsawon teburin likita ba ita ce bakinsa a asibiti, a kasuwa, a wurin mai gyaran keke. Shi ya koya mata yadda ake tsokana da gira da yadda ake faɗa ba a ji a waje ba. Makarantarsa ba ta yi nisa ba, don a zamaninsu babu mai tsaya masa a gefen allo. Ya zama kafinta, kafinta kuwa na gani na faɗa. Ita ta ci gaba da karatu, ta samu horo, jami'a ta ɗauke ta.

Aikin da aka ɗauke ta lacca ne kawai, Litinin zuwa Juma'a. Ba wanda ya yi mata maganar Asabar, don ba wanda ya ɗauki abin da ake yi ranar Asabar a matsayin karatu.

A ƙarshen barandar ƙasa, dab da matakala, akwai wani ɗaki da a da ake jibge karyayyun kujeru. Ɗaliban sashen suka roƙa aka ba su, suka share, suka jera tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka gaji da su. Nan ƙungiyarsu take zama kowace Asabar da hantsi. Babu maki, babu jarrabawa, babu mai kiran suna. Fankar ɗakin a lokacin kukanta ya fi iskarta. Amma a nan ake kwance kwamfuta a ga cikinta, a nan manya ke nuna wa ƙanana yadda ake haɗa manhaja da hannu da yawa, a nan ake shirin gasa, a nan ake jin inda ake neman ma'aikata. Wanda ya yi wannan sashen ya san rabin abin da yake ci da shi yau a ɗakin nan ya tsince shi.

Kurma na farko da ya shigo sashen wani siririn saurayi ne mai ɗan karen gaggawa. In lacca ta yi tsawo ko wani ya makara, sai ya dinga ƙwanƙwasa wuyan hannunsa da yatsa. Wannan ya zama sunansa a maganar hannu, masu ji kuma suka mayar da shi Agogo. A jarrabawa ba a kama ƙafarsa. Saboda haka Anti ta yi mamaki wata Juma'a da ya tare ta a gindin matakala bayan lacca, ya ce mata da hannu, "Anti, ina ganin zan bar wurin nan."

"Wa ya taɓa ka?"

"Ba kowa. Ai matsalar ke nan." Ya nuna ƙofar ɗakin ƙungiyar. "Na je. Na zauna har aka tashi. Kowa ya ba ni baya yana kallon kwamfuta yana magana. Sai in ga an fashe da dariya, in taɓa na kusa da ni, ya rubuta mini a takarda wai ba komai, wasa ne. Anti, ni ma wasan nake so. A aji ina samun karatu, amma su a can suke zama abokai. In mun gama, su za su kira juna aiki. Ni wa zai kira?"

Asabar ita ce ranar wankinta, ranar cefane, ranar da take zuwa shagon Yaya su sha hira. Ta kwana da maganar a ranta, da safe ta ɗauki jaka.

Maigida ya dube ta ya ce, "Yau fa Asabar ce."

"Na sani."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kwandon cefane. "To shi ke nan. Amma in na sayo ruɓaɓɓen tumatir kada in ji ƙorafi."

Shigarta ta farko ɗakin ba ta yi daɗi ba. Ta tsaya gaban Agogo ta ɗaga hannu, sai ta tarar mutum huɗu na magana lokaci guda, biyu na musu a kan wani abu daban, ɗaya na ba da labari bakinsa cike da biskit. Ta yi iya ƙoƙarinta, sannan ta sauke hannuwanta ta nemi kujera ta zauna. Shirun nata ne ya sa suka waiwayo.

Ta ce, "'Ya'yana, hannu biyu Allah ya ba ni. Ku kuwa bakunanku sun fi ƙarfin lissafina. In dai kuna so ɗan'uwanku ya ji, sai ku yi ɗaya bayan ɗaya, kuma mai magana ya juyo a ga fuskarsa."

Shugaban ƙungiyar a lokacin wani ƙato ne da ake kira Dogo, mai son a yi a gama. Ya ɓata rai ya ce wannan ai zai ja su baya. Wata ɗaliba ce ta raba gardamar. Ta jawo wani mataccen ɓeran kwamfuta daga kwali, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, ta ce wanda yake riƙe da shi shi kaɗai ke da baki. Aka yi dariya, aka gwada. Daga ranar, in hayaniya ta tashi sai ka ji an ce, "Wai wa ke da ɓera?" Abin da ba wanda ya zata shi ne, ba Agogo kaɗai ya amfana ba. Ƙananan ɗalibai da 'yan matan da a da manyan muryoyi ke danne su, da ɓera ya zo hannunsu sai ga shi ashe suna da abin faɗa.

Anti tana da ƙa'ida guda da ba ta taɓa karyawa ba. Duk abin da kunne ya ji a ɗakin, hannunta zai faɗa, mai daɗi da mara daɗi. Wata rana Agogo ya kafe cewa hanyar da Dogo ya bi wajen rubuta wata manhaja doguwa ce ba dalili. Dogo ya juya gefe ya yi gunaguni, "Wannan yaron kansa kamar dutse." Kafin ya rufe baki, maganar ta isa.

Dogo ya ce, "Haba Anti, ai ba da shi nake ba."

"Da wa kake? Ni na ji, kowa ya ji. Shi ma ɗan ɗakin nan ne, sai ya ji."

Agogo ya yi murmushi ya motsa hannu, Anti ta faɗa da murya ba ta rage komai ba: "Ya ce gara dutse da dogon bututu, iska ta shiga ta nan ta fita ta can."

Ɗakin ya kece da dariya har da Dogo. Shi da kansa ya ce daga baya a ranar ne ya daina ganin Agogo a matsayin wanda ake tausaya wa, ya fara ganinsa abokin faɗa. Daga faɗan nan aminci ya ƙullu.

Wahalar da ta fi ci mata rai ita ce ta kalmomi. Abubuwa da yawa na kwamfuta ba su da alama a maganar hannun da ta sani, kuma jera haruffa da yatsu yana cin lokaci. Ita kuwa ba karatun kwamfuta ta yi ba. Sai ta dinga tsayar da su ta ce, "Ku yi mini bayani kamar kuna yi wa kakarku." In ta gane, ita da Agogo su zauna su ƙirƙiro alama. Kuskuren da ke ɓuya cikin manhaja, wanda ɗalibai ke kira ƙwaro, suka yi masa alamar tsinke abu daga hannun riga a yar. Manhajar da ta kama zagaye ta ƙi tsayawa, yatsa ne ke kewaya kai kamar mai jiri. Ba a jima ba masu ji suka kwashe alamun. Sai ka gan su a laburare, wannan a wancan lungu, wancan a wannan, suna musu da hannu, ma'aikacin laburaren yana kallo ya rasa laifin da zai kama su da shi.

Shekarar Agogo ta ƙarshe, ƙungiyar ta samu shiga gasar jami'o'i da wata manhaja mai tsara jadawalin jarrabawa yadda darussa ba za su ci karo ba. Agogo ne ya rubuta zuciyar aikin. Da aka zo zaɓen wanda zai tsaya gaban alƙalai, malamin da ke kula da ƙungiyar, wanda kowa ke kira Dakta, ya ce lokacin da ake bayarwa kaɗan ne, fassara za ta cinye shi, don haka Dogo ya yi bayani, Agogo ya zauna a gefe. Ba da mugunta ya faɗa ba, tsoron faɗuwa ne. Anti ta ce a duk aikinta ba ta taɓa ɗaga hannu mai nauyin na ranar ba, amma ta fassara maganar yadda take. Ta ga fuskar yaron ta mutu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba komai.

Sai ta matsa gefe taku ɗaya ta dafa ƙirjinta, alamar da suka sani cewa yanzu da bakin kanta za ta yi magana. Ta ce da murya da hannu tare, "Dakta, in lokaci ne abin tsoro, matsalar ba tasa ba ce, tawa ce. Ni ce nake baya. Ka bar mu mu yi ta maimaitawa har bakina ya kamo hannunsa."

Dogo ya karɓi ɓera ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya in aka yi mini tambaya a kan cikin aikin nan, kunya za mu sha. Shi ya san shi."

Dakta ya ce a gwada. Suka yi makonni suna bita, har ta haddace kalmomin da ba ta taɓa zaton za su fito daga bakinta ba.

Ana saura 'yan kwanaki tafiya, Yaya ya kwanta ciwo, likitoci suka sa ranar yi masa aiki, ranar ta faɗo daidai da ta gasar. Tun da take, bai taɓa shiga gaban likita ba sai tare da ita. Ta zauna a bakin gadonsa ta gaya masa za ta ba yaran haƙuri. Ya ɗago hannunsa mai ɗauke da robar ƙarin ruwa, ya ce, "In ba ki je ba, wa zai tsaya?"

"Dogo."

"Yaron fa?"

"Zai zauna."

Ya dube ta. Sannan ya ce, "Ni na zauna, na san yadda zaman yake. 'Yarki ta iya hannu, ta ishe ni jin likita. Tashi ki tafi."

Ta tafi, amma rabin zuciyarta na asibiti. A zauren gasar, da Agogo ya gama gabatarwa, ɗaya daga cikin alƙalan ya dube ta ya ce, "Malama, tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan hanya."

Ta ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ga shi a gabanka. Yi masa tambayar, ni murya ce kawai."

Alƙalin ya gyara zama ya juya ya fuskanci Agogo, kuma daga nan bai sake kallonta ba, wanda shi ne abin da take so. Da aka zo gwaji, manhajar ta cije a gaban jama'a. Dakta ya dafe kai. Agogo ya duba allon kwamfutar, ya tsinke abu daga hannun rigarsa ya yar, 'yan ƙungiyar da ke zaune suka kasa riƙe dariya, Anti ta ce wa alƙalai, "Ya ce an samu ƙwaro, a ba shi ɗan lokaci." Ya zauna ya gyara suna kallo. Ba su ɗauki kofi ba, na uku suka zo. Amma alƙalin nan ya biyo Agogo har waje ya karɓi lambarsa, kuma a kamfaninsa yaron ya fara aiki. Ita kuwa tana fita ta kunna waya, ta ga saƙon 'yarta cewa an fito da Kawu lafiya, har ya farka yana ƙorafin cewa ƙafar gadon asibitin ba a daidaita ta ba. Nan ta zauna a kan dakali ta yi kukan da ta riƙe tun safe.

Bayan Agogo wasu sun zo, don labari ya bazu a makarantun kurame cewa akwai sashen da ba a barin mutum a baya. Shugabanni suka yi ta canzawa, aka sauya kwamfutoci, aka cire tsohuwar fanka. Anti ba ta canza ba. Ta raka su gasa, ta raka su ziyarar kamfanoni, ta tsaya a rana lokacin da suke koya wa 'yan sakandare. Ta fassara soyayya da ba a so ta sani ba, ta fassara faɗa, ta fassara ta'aziyya. Yaya ya rasu shekarun baya, kuma 'yan ƙungiyar ne suka cika ƙofar gidan, kurame da masu ji, suna gaisuwa da hannu.

Yanzu akwai wayoyin da ke mayar da magana rubutu, kuma ba ta ƙi su ba. Takan ce suna taimakawa, sai dai waya ba ta gaya maka cewa mai maganar tsokana yake yi. Yatsunta ne suka gaji. Likita ya ce gaɓoɓin sun ci aiki, a hutar da su.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi mata sallama a ɗakin. Tsofaffin ɗalibai sun zo da furfura da 'ya'ya, har baranda ta cika. Suka ajiye mata kujera a gaba suka ce yau ba za ta ɗaga ko yatsa ba. Wata tsohuwar 'yar ƙungiya, wadda a hannun Anti ta koyi aikin kuma ita za ta gaje ta, ita ta tsaya fassara. Dogo, wanda yanzu tare suke da kamfani shi da Agogo, ya ce shi ba ya buƙatar tafinta, da hannunsa zai yi jawabi. Ya fara da kyau. Da ya zo inda zai ce Anti uwa ce a gare su, sai hannu ya zame, kuramen ɗakin suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Ashe cewa ya yi Anti tukunya ce. Ta yi ƙoƙarin daurewa, ta kasa. Ta tashi ta kama yatsunsa ta gyara masa su, ta ce, "Ɗana, duk shekarun nan?" Da ta juyo, sai ta ga kowa a ɗakin ya ɗaga hannuwa sama yana kaɗa su, irin tafin kurame. Ɗaki cike da mutane, babu sautin komai. Ta tsaya tana kallo.

Anti, ke ce kika ba da ranar hutunki ba wanda ya roƙe ki a ofis. Ke ce kika tsaya a gaban mutane shekara da shekaru don a kalli wani ba ke ba. Sunanki ba ya kan kofi ko ɗaya a ofishin shugaban sashe, amma akwai magidanta da ke ciyar da iyali yau saboda kin ƙi yarda a ce musu ba komai, wasa ne. Muryar marasa murya ba sunanki ba ne, don kin sha cewa suna da muryarsu, mu ne ba mu iya saurare ba. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba hannuwan nan lafiya. Godiya kuma ga maigida, wanda aka ce yanzu ba mai iya sayar masa da ruɓaɓɓen kaya a kasuwa.

Sauran mu kuma, malamai da ɗalibai da duk mai wata ƙungiya da ke taruwa bayan an tashi aji, ba sai mun iya abin da ta iya ba kafin mu fara. In an fashe da dariya, a waiwaya a ga wanda bai yi ba. A jawo kujera kusa da shi, a gaya masa abin da aka ce, duka, har da tsokanar.